Kyautar Doki da Kuɗin Harawa

A zangon karatun da ya wuce, ƙungiyarmu ta kimiyya ta yi niyyar zagaya unguwannin Wudil don tambayar magidanta inda suke samun ruwan sha: kogi, rijiya ko burtsatse. Malaminmu ya ce mu bar takarda, mu yi aiki da ODK, watau wata manhaja ta waya wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008. Ma'aikatan yaƙi da shan inna sun yi amfani da ita a ƙasar nan. Kyauta ce, kuma kowa yana da izinin ɗauka ya gyara yadda yake so.

Da na ji an ce kyauta, sai murna ta kama ni, domin ni ne ma'ajin ƙungiya. Ashe kyautar doki ce, harawa tana wuyanka.

Ga dalili. Amsoshin da wayoyi suka tara sai an tura su wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ita ce rumbunsu. To, ko dai mutum ya kafa nasa rumbun, ko kuwa ya kama haya.

Idan za mu kafa namu, ba za mu biya ko kwabo don manhajar ba, amma sai mun tanadi kwamfutar da ba a kashewa dare da rana, da intanet, da gwanin da zai riƙa kula da ita yana kwafe bayanai don gudun ɓacewa. Wuta fa? Kowa ya san halinta a garin nan, ga fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023. Ranar da gwanin ya bar gari kuwa, aiki ya tsaya.

Haya ta fi sauƙi, sai dai ODK Cloud da dala ake biya wata-wata, dalar da ta haura naira 1,500 a 2024. Na buɗe asusunmu, na rufe shi shiru.

Daga ƙarshe muka koma ga KoboToolbox, wadda ke ba da ajiya kyauta har zuwa wani adadi. Amma wani dattijo ya tambaye ni, "Ɗana, a hannun wa sunana zai kwana?" Na ce a wata kwamfuta a ƙasar waje. Ya girgiza kai. Washegari muka cire gurbin suna daga tambayoyin, sa'an nan ya yarda ya amsa.