Me Ya Sa Notin Ƙafar Baya Ke Kwancewa a Tsohuwar Fijo?

Duk mai bin hanyar Gusau zuwa Ƙauran Namoda ya san akori-kura ƙirar Fijo 504, irin wadda ke tashi daga Kasuwar Daji da buhunan gero har bayanta ya zauna. A 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma an daɗe da daina ƙera 504. Da yawansu sun girmi direbobinsu. In ka ji ƙwal-ƙwal a baya, ko ka ga motar na tafiya a karkace kamar ƙaguwa, fara duba yu-bolt, wato ƙarafan da suka rungume aksil suka matse shi da ganyen sifirin.

Bolt fa ba ƙusa ba ne. Idan aka ɗaure noti, bolt ɗin miƙewa yake yi kaɗan kamar roba, kuma wannan jan shi ke matse ƙarafan wuri ɗaya. Muddin matsin na nan, babu abin da zai motsa. To amma tsatsa da ƙasa da ke tsakanin ganyen sifirin suna murƙushewa, sai matsin ya ragu ko da notin bai juya ba. Daga nan ƙarfe ya fara zamewa gefe da gefe. A 1969 injiniya Gerhard Junker na ƙasar Jamus ya nuna cewa wannan zamewar ta gefe ta fi komai saurin kwance noti, kuma gwaji irin nasa ya nuna washa mai tsaga ba ta hana shi sosai. Alamarsa jan gari kamar barkono a gindin noti.

Shi ya sa mu ba mu ɗauki "a ƙara masa ɗauri" a matsayin gyara ba. Bolt ɗin da ya yi tafiya a sake ya sha lanƙwasa sau dubbai, yana iya samun tsagar da ido ba ya gani. A canza shi da notinsa. A kan bolt mai kai, a nemi lamba 8.8 ko 10.9, daidai da wanda aka cire, 8.8 na nufin kowace murabba'in milimita na ɗaukar kusan kilo 80 kafin ya tsinke. Walda a kan noti kuwa zafinta kashe ƙarfin ƙarfen yake yi.

Wajen aikin, a sauke kaya, a tsaya a ƙasa mai tauri, a tokare tayoyin gaba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi mota na kan jak kaɗai, ko kan bulo, don bulo fashewa yake yi ba sallama. A sa matokaran ƙarfe ƙarƙashin shasi, a tallafi aksil da jak kafin a taɓa noti, saboda sifirin na iya ɓallewa.

Notunan yu-bolt huɗu ne a kowane gefe. A ɗaure su kaɗan-kaɗan, a gicciye, da sifana mai ma'auni, ba da bututun da yaron gareji zai hau ba. Bolt ɗin da ya ratsa bushin roba kuma sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta ake ƙarasa ɗaurinsa, in ba haka ba robar murɗewa za ta yi ta yage.

Bayan lodin farko a koma a sake gwada notunan, don sabon yu-bolt yana zama. Gara a yi wannan a cikin gari da safe, domin kowa ya san hanyar Shinkafi ko ta Zurmi ba wurin tsayawa da yamma ba ne a yanzu.