Ƙusa Guda ga Kowane Yaro: Sauƙaƙa Safiyar 'Yan Makaranta a Ƙauyukan Jazira



Duk gidan da ke da ɗan makaranta ya san wannan sa'a. An sallame asuba, gari bai gama wayewa ba, sai gida ya kaure da hayaniya. Wannan na neman takalminsa ƙafa guda, waccan na kuka don littafin lissafinta ya kwana a tsakar gida raɓa ta jiƙa shi, uwa na fama da murhu, uba kuwa na tsaye a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa yana ta faɗa. Kafin a ankara rana ta fito, yaro ya fita da gudu, cikinsa babu komai, zuciyarsa a ɓace. Wannan hali ɗaya ne daga Maraɗi har Kano. Amma a wannan fitowa za mu duba shi ne a wani wuri mai nisa, wajen 'yan'uwanmu Hausawan ƙasar Sudan, domin can ne matsalar ta fi tsanani a yau, kuma can ne maganinta mai araha ya fi fitowa fili.

Ga wanda bai sani ba, Hausawa da Fulani sun daɗe da zama a bakin kogin da ake kira Shuɗin Nilu. Wasu hanyar aikin hajji ce ta ajiye su. Wasu kuma sun biyo hijirar da ta faru bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno, kudu da birnin Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman rani na Jazira, sai ƙarin mutanenmu suka shigo aikin auduga. Da yawansu sun zauna a ƙananan unguwannin ma'aikatan gona da ake kira kambo, a gefen magudanan ruwa, kuma har yau akwai kambo masu yawa da ba su da makarantar kansu, sai yara su taka zuwa ƙauyen da ke kusa.

To, ku dubi safiyar irin wannan yaro. Da asuba yana makarantar allo, wadda can suke ce wa halwa. Daga nan ya dawo gida ya ajiye allo, ya sauya tufafi, ya ɗauki jaka, ya kama hanya don ya riski jerin gwanon safe da suke kira ɗabur. Iyayensa kuwa suna gaggawar tafiya gona kafin rana ta yi zafi, musamman lokacin tsinkar auduga da uwa ma ba ta zama a gida. Makaranta biyu ke kansa, kayan aiki iri biyu, ga tafiyar ƙafa, ga shi babu babban da zai tsaya ya tattara masa. Waɗanda suka yi karatu tsakanin 2000 da 2017 sun ma fi shan wuya, domin a shekarun nan an tura agogon ƙasar gaba da sa'a guda, yara na fita cikin duhu suna laluben takalmi. An mayar da agogon yadda yake a watan Nuwamba na 2017, amma laluben bai ƙare ba.

Sa'an nan ga abin da ya fi wannan nauyi. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, a yankin Rusairis da Damazin, ya raba dubun dubatar mutane da gidajensu, Hausawa da yawa a cikinsu. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Khartum, a watan Disamba na wannan shekara ya cinye Wad Madani, babban birnin Jazira, wanda sojojin gwamnati ba su sake karɓa ba sai a Janairu 2025. An rufe makarantu, wasu suka zama masaukin 'yan gudun hijira. A watan Oktoba na 2023 hukumar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar. Yaron da ya yi shekara ɗaya ko biyu ba ya shiga aji, idan ya koma, igiyar da ke riƙe da shi siririya ce. Ya makara yau a kore shi daga bakin ƙofa, gobe ya je babu littafi a kunyata shi gaban 'yan ajin da ya girme, jibi sai ya ce shi dai a bar shi ya bi babansa gona. Uba kuwa, da yake hannu ɗaya ya ƙaru a gona, ba zai yi dogon musu ba. Ba kullum talauci tsagwaronsa ke fitar da yaro daga makaranta ba. Sau da yawa tarin ƙananan ɓacin rai ne na safiya.

Shawararmu ba ta bukatar kafinta. A keɓe wuri guda a gida, kusa da ƙofar fita, inda duk abin da ɗan makaranta zai fita da shi zai kwana. Mu da muka tashi a zauren liman ba baƙon abu ba ne a wurinmu: an tashi daga karatu, kowane almajiri ya san inda zai jingine allonsa, gafakar malam na rataye a ƙusarta, kurtun tawada na lungunsa. Almajiri arba'in ne, amma ba ka taɓa jin ana cigiyar allo da asuba. Abin mamaki shi ne yadda muka bar wannan tsari a zaure, muka kasa shigar da shi cikin gida don kayan boko.

A gidajen Jazira wurin da ya fi dacewa shi ne ƙarƙashin rumfar da suke kira rakuba, ta gefen da ruwan sama ba ya feshi. A nisanta shi da randa, wato zir, domin randar ƙasa kullum tana tsatsafo, ƙasan wurin a jiƙe yake. A kafa gwafa biyu, a gicciya sanda mai ƙwari a kansu, ko kuwa a kafe katako a jikin bango, a buga ƙusoshi: ƙusa guda ga kowane yaro. Tsayinta ya zama inda hannun mai ita zai kai, amma bakin akuya ba zai kai ba. Wanda bai taɓa ganin akuya ta cinye aikin gida na mako guda ba zai ɗauka wasa muke yi. Ƙananan da ba su iya karanta sunansu ba a ɗaura wa ƙusar kowa zare mai launi dabam, ja na wane, kore na wance, a ɗaura irinsa a jikin jakarsa da gorar ruwansa. Rigima ta ragu ke nan da rabi.

Babbar ƙa'ida ita ce kada komai ya taɓa ƙasa. Gara ba ta jin tausayin takarda, kuma a ɗakin ƙasa dare ɗaya ya ishe ta. Kakanninmu sun riga mu gano wannan, shi ya sa suka saƙa ragaya don rataye ƙwaryar nono. Larabawan Sudan ma suna da irinta, suna kiranta mishla'ib. Wannan ragayar za ta iya ɗaukar kwandon littattafai kamar yadda take ɗaukar ƙwarya. Buhun sukari kuwa, wanda ba ya wuya a yankin da ke da masana'antun sukari na Junaid da Sinnar, idan aka wanke shi aka ninke gindinsa sama aka ɗinke layi-layi da basilla, sai ya zama aljifai uku ko huɗu. A rataye shi a bango: aljihu ɗaya na fensir da biro da magogi, ɗaya na mataji da ɗan madubi, ɗaya na safa da ɗankwali. Tsohuwar jarka da ta fashe a yanke kanta, ta zama akwatin littattafan da ba na ranar ba, a ɗora ta kan tubali biyu.

Allo dabam ne. Wurinsa na sama da kowane abu, nesa da takalma, saboda girman abin da ke rubuce a jikinsa. Kurtun tawada kuma kada ya kusanci jakar boko ko kayan makaranta. A zuba tawadar cikin ƙaramar kwalba mai murfi, a sa ta cikin gwangwani, don ko ta kife ta kife a ciki. Uwar da ta taɓa tashi da asuba ta tarar da farar rigar ɗanta ta sha tawada, alhali ita kaɗai ce rigar, ba ta bukatar mu yi mata dogon bayani.

Takalmi ya cancanci a dakata a kansa, domin shi ne sarkin ɓata da safe. A kafa 'yan sanduna a ƙasa, tsawon kamu biyu, a riƙa kifa takalma a kansu. Amfanin biyu ne. Na farko, kunama na son kwana cikin takalmi, kuma yaron da ke sauri ba ya kakkaɓewa. Na biyu, ƙasar Jazira baƙar laka ce mai danƙo. Da rani ta tsattsage, da damina kuwa ta kama ƙafa kamar ƙaro, har takalmi ya yi nauyin dutse. Takalmin da aka kankare aka kife da yamma ya bushe kafin safe. Wanda aka jefar a bakin ƙofa da lakarsa, da safe sai dai yaro ya tafi ba takalmi ko ya ƙi tafiya. A ajiye ɗan guntun ƙarfe ko tsohuwar wuƙa marar kaifi a wurin, ɗaure da igiya, don kankare laka, da leda guda a kowace jaka saboda ranar da hadari zai riske su a hanya.

Gorar ruwa a cika ta tun da dare daga randa. Wannan ba don saurin safiya kaɗai ba ne. Yaron da ya fita babu ruwa zai tsaya a bakin magudanar gona ya sha, ko ya shiga ya wanke ƙafa, kuma magudanan Jazira sun daɗe da yin suna wajen cutar tsargiya. Abin karyawa ma haka. Al'adar can ita ce cin abincin da suke kira faɗur da hantsi, lokacin hutun makaranta, don haka dole yaro ya tafi da abinsa ko da kuɗinsa. Tunda yaƙi ya sa takardar kuɗi ta yi wuya, manya da yawa sun koma biya ta waya da manhajar Bankak, abin da yaro ɗan aji uku ba zai iya ba a gaban mai sayar da wake. Gara a ƙulla masa tun dare: gyaɗa soyayya, dabino, ɗan burodi ko kisra, a rufe cikin kwano mai murfi a ɗora a ragaya. Godogodo dai, abincin gero da nono da aka san Hausawan Sudan da shi, a sha shi a gida, ba ya son zaman jaka.

Saura jadawalin darussa. Makon makaranta a can daga Lahadi ne zuwa Alhamis. A samu murfin tsohuwar garwa ko guntun katako, a rubuta ranakun biyar da darussan kowace rana, a rataye saman ƙusoshin. Da shi yaro zai daina ɗaukar littattafansa duka kullum, jaka ta daina yagewa, kuma abin da bai fita ba ba zai ɓata ba.

Duk wannan itace ne da ƙusa kawai idan ba a haɗa shi da lokaci ba. An ce da sanyin safiya ake kama fara, amma safiyar ɗan makaranta tun dare ake kama ta. Bayan sallar isha'i, kafin a shimfiɗa gadajen igiya a tsakar gida, a haska fitila mai cajin rana, kowane yaro ya tsaya gaban ƙusarsa: ya duba jadawali, ya zuba littattafan gobe, ya rataye riga, ya cika gora. Minti goma sun isa. A nan muna da jan hankali ga iyaye maza. Kada a mayar da wannan aiki wani sabon kaya a kan babbar 'ya mace, wadda dama ita ke ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta wanke ƙanne, sa'an nan ta isa aji bayan kowa. Ita ma ɗaliba ce, ita ma tana da ƙusarta. Yaro ɗan shekara shida ya isa ya rataye jakarsa da hannunsa. Aikin uba shi ne ya tsaya ya duba, ya tambaya: “Wane, ina fensirinka?” Tambayar da aka yi da dare cikin natsuwa ita ce wadda da safe take zama tsawa.

Akwai abu guda da bai kamata ya zauna a rumfa ba, ko da yake na makaranta ne: takardu. Takardar haihuwa, lambar zama ɗan ƙasa da suke kira raƙamul waɗani, da sakamakon jarrabawar kowace shekara. Hausawan Sudan sun san darajar takarda fiye da kowa, domin sun sha fuskantar tambaya game da asalinsu duk da daɗewarsu a ƙasar. Iyalai da yawa da suka gudu a 2022 da 2023 sun fita da tufafin jikinsu kaɗai, da suka je sa yara a wata makaranta sai aka nemi shaidar ajin da suka tsaya. A haɗa takardun gida duka cikin leda biyu, a sa cikin gwangwani mai murfi, a rataye a ƙuryar ɗaki inda hannu zai kai cikin duhu, kowane babba a gidan ya san wurin. A kuma ɗauki hotonsu da waya a aika wa wani ɗan'uwa da ke wani gari.

Makon farko yara za su yi ta ɗoki, har su hana kowa taɓa ƙusarsu. A mako na biyu ne ake gane ko abin zai ɗore, kuma galibi ba yara ke rushe shi ba. Maigida ne zai dawo daga gona ya rataye jallabiyarsa a ƙusar ƙaramin ɗansa, uwargida ta ga aljihun buhu babu kowa ta zuba busasshiyar kuɓewa. Don haka tun ranar da ake bugun ƙusoshi a ƙara biyu a can gefe, ɗaya ta Baba, ɗaya ta Inna, su ma a ɗaura musu zarensu.