Gautanmu da ciwon da ke kwance cikin ƙasa

Masu lambun rani a fadamun Bunsuru da Gagare, wajen Isa da Sabon Birni, sun san yadda shuka ke mutuwa a tsaye. Tumatir ko yalo ya kama, ya fara fure, sai ganyen ƙasa ya yi rawaya, sau da yawa ta gefe guda. Da rana ya yi yaushi, da dare ya ɗan farfaɗo, kafin a ankara ya kwanta. A ƙara masa ruwa, a banza. In aka tsaga karan aka ga cikinsa ya rine zuwa ruwan ƙasa, to, abin zargi na farko wata fumfuna ce da masana ke kira Fusarium.

Ta saiwa take shiga, ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama. Feshi a ganye ba ya cim mata, kuma takan yi shekaru a ƙasa tana jiran shuka ta gaba. Shi ya sa masu bincike suka karkata ga neman irin da ciwon ba ya kayarwa.

A ina suka same shi? A jikin gauta, wannan da ake tarar baƙo da shi a faranti. Masana a Italiya, ƙarƙashin Giuseppe Rotino, sun so ɗauko juriyarsa su sa wa babban yalon Turawa. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin in an yi wa tsirran biyu barbara, abin da suka haifa ba ya cika ba da iri. Sai da aka haɗe ƙwayoyinsu a ɗakin gwaji, sannan aka yi ta maimaita barbara da yalon har siffarsa ta dawo, juriyar kuma ta zauna. A 2008 suka bayyana cewa ƙwayar gado guda ce mai rinjaye ke riƙe da wannan kariya, suka sa mata suna Rfo-sa1. A 2019 kuma aka wallafa taswirar halittar gautan Afirka.

Kada dai a ɗauka an gama. Akwai Verticillium, wata fumfunar mai kawo yaushi iri ɗaya, kuma ƙwayar gadon Rfo-sa1 ba domin ita aka ɗauko ta ba. Tumatir ma nasa nau'in Fusarium daban ne.

Abin da ya fi damuna shi ne irin da ke hannun manoma. Kowane gari da gautansa, wani fari, wani mai zane, wani ɗaci har ka, ana shanya 'ya'yan a ƙulle a tsumma zuwa baɗi. Yau 'yan bindiga sun raba ƙauyuka da dama na Isa da Sabon Birni da gonakinsu, mai gudun tsira da rai kuwa ba ya tsayawa neman ƙullin iri. Rumbun adana iri na ƙasa yana can Ibadan, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuwa tana nan Sakkwato da tsangayar aikin gona. Ya kamata ɗalibanta su bi kasuwanni da masaukan 'yan gudun hijira su tattara abin da ya saura, su gwada shi a ƙasar da ciwon ya riga ya kama.