Gem ya daina aiki bayan sabuntawa: Yadda ake gano bakin zaren

A farkon shekarar 2024 masu buga gem a kwamfuta a ƙasashe da dama sun yi ta kokawa kan matsala iri ɗaya. Mutum zai buɗe wasa irin su Tekken 8 ko Fortnite, ana cikin lodi sai wasan ya rufe kansa, ya bar saƙo a allo cewa ma'ajiyar katin hoto ta cika. Da yawa daga cikin masu kokawar kuwa katinsu na cikin mafi tsada a kasuwa, irin RTX 4090 na kamfanin Nvidia mai ma'ajiya gigabait 24, wadda waɗannan wasanni ba sa ko kusa da cika ta. Wasu suka ɗora laifin a kan kamfanonin da suka yi wasan, wasu suka yi ta sauya direban kati, abin bai gyaru ba.

Sai a watan Yulin shekarar kamfanin Intel ya fito ya bayyana cewa ciwon yana jikin firosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Wasu daga cikin firosesocinsa na zubi na 13 da na 14, irin su Core i9-13900K da 14900K, suna neman ƙarfin lantarki fiye da kima, abin da ke raunana su sannu a hankali har su fara kuskuren lissafi. Intel ya fitar da gyara a watannin Agusta da Satumba, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantin firosesocin. Katin hoton da saƙon allo ya ambata lafiyarsa ƙalau.

Wannan lamari ya nuna abin da duk mai buga gem ya kamata ya riƙe. Saƙon da wasa ya bari kafin ya rufe yana faɗin inda aikin ya tsaya ne, ba lallai ya faɗi wanda ya tsayar da shi ba. Wanda ya gane haka zai bi matsalar daki-daki, ya tsira da kuɗinsa da datarsa. Wanda bai gane ba shi ne zai share kwamfuta gaba ɗaya, ko ya sayi sabon kati, ya dawo ya tarar da matsalar tana nan.

Abin da ke gudana a bayan allo

Allo mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Idan wasa yana nuna hoto 60 a daƙiƙa guda, to katin hoto yana da ƙasa da kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ya ƙayyade launin kowane ɗigo, ya miƙa hoton, ya kama na gaba. Kuma wasan ba ya magana da katin kai-tsaye. Yana ba da umarni ne ta wani tsari da aka yi ittifaƙi a kansa, galibi DirectX na Microsoft ko Vulkan. Daga nan sai wata manhaja da ake kira direba, wadda kamfanin katin ke rubutawa, Nvidia ko AMD ko Intel, ta mayar da umarnin yaren da katin ke ji. Direba tamkar tafinta ne a tsakanin baƙo da mai gida: idan baƙon ya zo da sabon salon magana da tafintan bai saba ba, ko aka sauya tafinta a tsakiyar zance, sai a samu tangarɗa ko da kowannensu bai yi nufin ɓarna ba.

Akwai kuma ƙananan manhajoji dubbai a cikin kowane wasa na zamani da ke lissafa haske da inuwa da ƙyallin ruwa da launin fata. Ba a iya aika su a shirye, domin kowane samfurin kati da kowane direba da yadda yake son a tsara masa su. Don haka kwamfutarka ce ke harhaɗa su da kanta, ta ajiye don gaba. Shi ne aikin da ke gudana idan ka ga an rubuta "Compiling shaders" a allo. Da zarar an sabunta wasan ko direban, tsohuwar ajiyar ta tashi daga aiki, sai an sake harhaɗawa. Wannan aiki yana matsa wa firosesa lamba ƙwarai, shi ya sa raunin firosesocin Intel ya fi bayyana a daidai wannan gaɓa.

DirectX 12 da ya zo tare da Windows 10 a 2015, da Vulkan da ya fito a 2016, sun ƙara wa wasanni sauri ta hanyar miƙa wa masu rubuta wasan ragamar sarrafa ma'ajiyar kati. Ribar tana da yawa, amma ɗan kuskuren da direba kan rufe a da, yanzu yana iya kayar da wasan gaba ɗaya.

Shi kuma Windows yana sa ido a kan katin. Tun zamanin Windows Vista, idan katin ya yi kimanin daƙiƙa biyu bai amsa kira ba, Windows yakan ɗauka ya maƙale, sai ya sake tayar da direban. Abin da kake gani shi ne hoto ya daskare, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, sannan ka tsinci kanka a waje, wani lokaci da saƙo irin DXGI_ERROR_DEVICE_REMOVED ko DXGI_ERROR_DEVICE_HUNG. Idan tayarwar ta gagara, sai Windows ya tsaya cak da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE a allo.

Tambayar farko: me ya canza?

Mutum zai rantse cewa sabunta wasan ne ya jawo masa matsala, alhali a mako guda abubuwa uku ko huɗu na iya sabunta kansu ba da saninsa ba. A watan Nuwamban 2024 Microsoft ya dakatar da tura Windows 11 24H2 zuwa kwamfutocin da ke ɗauke da wasu wasannin Ubisoft, ciki har da Assassin's Creed Valhalla da Star Wars Outlaws, saboda suna daskarewa ko su nuna baƙin allo. A nan Windows ne ya canza. A farkon 2025, bayan fitowar katunan RTX 50, sabbin direbobin Nvidia sun jawo ƙorafin baƙin allo, har wasu kamfanonin wasa suka shawarci masu tsofaffin katuna su koma direban Disamban 2024. A nan direba ne. A watan Afrilun 2024 kamfanin Bethesda ya sabunta Fallout 4, sai ɗimbin ƙare-ƙaren da magoya baya suka rubuta wa wasan suka daina aiki. Wani lokaci kuma wasan ne ke wuce ƙarfin na'urar: da Counter-Strike 2 ya maye gurbin CS:GO a watan Satumban 2023, kamfanin Valve mai wasan ya daina tallafa wa DirectX 9 da Windows mai bit 32 da kwamfutocin Mac.

Saboda haka, kafin ka taɓa komai, duba tarihin sabuntawar Windows, da ranar da aka ɗora direban da kake amfani da shi, da bayanin da masu wasan suka fitar game da sabon gyaransu. Ka lura kuma da lokacin da wasan ke rufewa. Wanda ke rufewa tun kafin ya buɗe, galibi fayil ne ya lalace, ko tsohon saiti, ko wani ƙari da aka liƙa masa. Wanda ke rufewa kullum a wuri ɗaya cikin labarin, kuskuren ya fi kama da na masu wasan. Wanda kuwa sai an yi rabin awa ana bugawa sannan ya faɗi, a fara zargin zafi ko cikar ma'ajiya.

Windows ma yana ajiye shaida. Ka buɗe Event Viewer, ka shiga sashen System, ka nemi lamba 4101 a daidai lokacin da wasan ya rufe. Idan tana nan, direban kati ne ya daina amsawa aka tayar da shi. A sashen Application kuma lamba 1000 tana ambaton fayil ɗin da aikin ya tsaya a kansa. Sunan da ya fara da nv na Nvidia ne, amd ko ati na AMD ne, ig na Intel ne. Ka rubuta abin da ka gani a takarda.

Gyara ɗaya, gwaji ɗaya

Ƙa'idar ita ce ka canza abu guda, ka gwada wasan, sannan ka matsa gaba. Wanda ya canza abu biyar a tare, ko wasan ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba, kuma ranar da matsalar ta dawo zai koma farko. A fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Da farko ka sake kunna kwamfutar, domin wasu gyare-gyaren ba sa kammala zama sai an yi haka. Sai ka sa a tantance fayilolin wasan. A Steam, cikin Properties na wasan akwai "Verify integrity of game files". Wannan yana kwatanta abin da ke kwamfutarka da na asali, ya sauko da abin da ya lalace kawai. Ga wanda wuta ko intanet ke yanke masa a tsakiyar saukewa, wannan mataki ya fi sake sauke wasa mai gigabait 100 nesa ba kusa ba.

Bayan nan ka cire duk wani ƙari da ka ɗora wa wasan, ka kashe manhajojin da ke liƙa rubutu a kan hotonsa, irin na Discord da MSI Afterburner. Idan ka taɓa ƙara wa kati ko firosesa gudu fiye da yadda aka ƙera su, ka mayar da su yadda suke, ko da kuwa sun daɗe suna aiki a haka, domin sabon gyara na iya matsa musu ta inda tsohon bai taɓa ba.

Sai ajiyar manhajojin haske da inuwa. A cikin Disk Cleanup na Windows akwai DirectX Shader Cache, ka share ta. Da ka buɗe wasan zai sake harhaɗa su, ka ƙyale shi ya gama ko da ya ɗauki lokaci. Haka nan fayil ɗin saitin wasan, wanda galibi yake cikin Documents ko AppData, ka canza masa suna maimakon ka goge shi, wasan zai ƙirƙiri sabo. Amma kafin ka shiga can, ka kwafe fayilolin da ke riƙe da inda ka tsaya a wasan zuwa wani wuri.

Yanzu aka zo kan direba. Sabo ba shi ne mai kyau a kullum ba. Idan naka ya tsufa, ka sauko da sabo daga shafin kamfanin katin. Idan kuwa bayan ɗora sabon ne matsalar ta fara, ka koma na baya ta "Roll Back Driver" a Device Manager, ko ka cire shi tas da manhajar DDU a cikin Safe Mode sannan ka ɗora wanda ka san yana aiki. Mai laftof mai kati biyu ya duba saitin Graphics na Windows, ya tabbatar wasan yana amfani da babban katin, ba ƙaramin da ke jikin firosesa ba.

Idan har yanzu da sauran rina a kaba, ka rage wa katin kaya. Zane guda mai ɗigo 4096 a tsaye da 4096 a kwance yana cin megabait 64 idan ba a matse shi ba, wasa kuwa yana loda ɗaruruwa. Ka sauke ingancin zane mataki guda, ka kashe ray tracing, ka ƙayyade hotunan zuwa 60 a daƙiƙa. Wasannin da ke ba da zaɓi tsakanin DirectX 12 da 11 ko Vulkan, ka gwada ɗayan.

Abu biyu kuma a guje su. Kada ka sauko da fayil ɗin dll daga shafin da ba ka sani ba, domin ta nan miyagun manhajoji ke shiga. Kada kuma ka tsawaita daƙiƙa biyun da Windows ke jira don kawai wani ya ce ya yi ya ga daidai. Wannan ɓoye alamar ciwo ne, ciwon yana nan.

Zafi, ƙura da wuta

A ƙasashe masu zafi irin namu akwai abin da ke kwance yana jira. Kwamfutar da ta sha ƙurar hunturu, fankarta ta toshe, tana iya lallaɓawa da tsohon wasa, amma da gyara ya ƙara wa katin aiki kaɗan a tsakiyar zafin Afrilu sai ta gaza. Manhajoji irin GPU-Z da HWiNFO suna nuna zafin katin. Idan kana ganin yana dosar digiri 90, ka hure ƙurar, ka ɗaga laftof daga kan katifa ko kafet, ka sa mai gyara ya duba man da ke tsakanin kati da abin sanyaya shi. Idan kuwa kwamfutar gaba ɗaya ce ke mutuwa ɗif babu wani saƙo, a duba akwatin wutarta da ƙarfin lantarkin da ke shigowa, musamman ga mai amfani da janareta.

Idan laifin daga can ne

Wani lokaci babu abin da za ka yi a gida da zai gyara wasan. A watan Yunin 2015 Warner Bros. ya dakatar da sayar da Batman: Arkham Knight na kwamfuta jim kaɗan bayan fitowarsa, bai dawo da shi kasuwa ba sai ƙarshen Oktoba. Idan dubban mutane masu na'urori daban-daban suna kuka da abu ɗaya a rana ɗaya, ka daina wahalar da kwamfutarka.

Abin da ya rage shi ne kai rahoto mai amfani. Ka rubuta dxdiag a wurin bincike na Windows, ka adana bayanan da ya fitar, ka haɗa da lambar direbanka da saƙon da ka gani da ainihin abin da kake yi lokacin da wasan ya rufe, ka aika wa masu wasan. Injiniya ba ya iya gyara kuskuren da bai iya maimaitawa a gabansa ba, kuma rahoto guda mai cikakken bayani ya fi ƙorafi ɗari marasa bayani. Wanda bai daɗe da sayen wasan ba ya sani cewa Steam yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 matuƙar bai buga awa biyu ba. Wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin samun wasan da ke aiki, kuma nauyi ne a kan kamfanin da ya tura gyara ya gwada shi da kyau kafin ya isa kwamfutocin jama'a.