Yadda ake dafa ƴaƴan itace a gida

A ƙasar Tasawa da ta Mayahi, idan bazara ta yi, hatsin rumbu ya kusa ƙarewa. Gero ya yi tsada a kasuwa, ga kuma aikin gona ya taso. A wannan lokaci ne yara suka fi ramewa. Amma daji yana da abincinsa: magarya, goriba, kuka, tsamiya da anza. Matar da ta iya sarrafa su, tiya guda ta gero tana yi mata auki.

Kowane ɗan itace da irin dahuwarsa. Wani turara shi ake yi, wani tafasawa, wani kuma ba ya son wuta.

Magarya: turarawa

Magarya tana nuna bayan kaka, lokacin ɗari. A tsince ta, a fid da mai tsutsa, a shanya bisa tabarma har ta bushe ƙayau. A daka ta a hankali, don kada ƙwallon ya fashe. A tankaɗe. A yayyafa wa garin ruwa kaɗan, a danna shi cikin ɗan ƙoƙo, a juye cikin tsabtataccen ƙyalle. Sai a ɗora bisa bakin tukunyar da ruwa ke tafasa ciki. Tururi ne zai dafa shi har ya haɗe. Wannan shi ne akuri. Ba ya bukatar sukari. Idan an shanya shi ya bushe, yana daɗewa bai lalace ba.

Goriba: tafasawa

Gulbin Kaba cike yake da goriba. Yara suna gaigayar ta, amma ƙaramin yaro da tsoho ba su iyawa. A daka busasshiyar goriba a turmi, naman ya rabu da ƙwallon. A zuba naman cikin ruwa, a tafasa, a tace. Da ruwan nan mai zaƙi ake dama kunun gero. Kuɗin sukari sun huta ke nan.

Kuka da tsamiya: jiƙawa

Garin ƴaƴan kuka yana da bitamin C mai yawa. Shi ne ke tsare dasashi daga zubar jini, yana kuma taimakon miki ya warke. Amma wuta tana kashe shi. Saboda haka sai an sauke kunu, ya sha iska, sa'an nan a dama garin kuka a zuba. Tsamiya kuwa, a wanke ta, a jiƙa, a tace, a dama kunu da ruwan. Duk abin da ba za a mayar bisa wuta ba, a haɗa shi da ruwan da aka tafasa ya huce. Ruwan tabki yana kawo wa yara zawo.

Anza: a yi hattara

A yunwar 1973, da ta 1984, da ta 2005, anza ta riƙe gidaje da yawa a jihar Maraɗi. Ko shekarar fari tana yin ƴaƴa. Ƙwayarta, wato dilo, abinci ne mai riƙe ciki kamar wake. Amma ɗanyen dilo yana da ɗaci, kuma ɗacin nan guba ne. Gaggawa ita ce haɗarin, domin mai jin yunwa ba ya son jira. Ga yadda ake yi:

1. A shanya ƴaƴan, a daka a hankali, a sheƙe ɓawon.
2. A jiƙa ƙwayar cikin ruwa mai yawa.
3. Kowace rana a zubar da ruwan, a sa sabo. A zubar da shi nesa da mashayar dabbobi.
4. A yi haka wajen kwana 7. A ɗanɗana ƙwaya guda. Idan da sauran ɗaci, a ci gaba da jiƙo.
5. Sai ɗaci ya fita sarai a dafa shi har ya yi laushi, a sa gishiri da ƙuli-ƙuli ko ɗan mai.

Ba a ba yaro dilon da bai gama jiƙo ba. Wanda ya ci, ya kama amai ko ciwon ciki, a kai shi likita ba da jinkiri ba.

Tanadi

Magarya, kuka da tsamiya ba da bazara suke samuwa ba. Tun lokacin ɗari da rani ake tara su, a shanya, a ajiye cikin tulu mai marufi inda danshi da ƙwari ba su kai. Maza kuma, wajen sharar gona, su bar ƙananan magarya da anza su girma. Itacen da aka sare bana, ba ya ciyad da yara baɗi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.