Yadda 'Yan Kallo Ke Nazarin Dabarun Ƙwallon Ƙafa

Nazarin dabarun wasa shi ne bin diddigin yadda ƙungiya ke tsara 'yan wasanta a fili, da dalilin da ya sa tsarin ya ci ko ya ƙi ci. A da, wannan aiki ne na kociya da mataimakansa. Yanzu kuwa 'yan kallo da yawa, waɗanda ba su taɓa horar da kowa ba, sun rungume shi don sha'awa kawai, har wasunsu suka kai ga manyan ƙungiyoyi suna neman shawararsu.

Wanda aka fi ambata a matsayin na farko shi ne Charles Reep, wani akanta a rundunar sojan saman Birtaniya. A 1950 ya fara zama a filin Swindon Town da takarda da fensir, yana rubuta duk wata miƙa ƙwallo da ya gani. Ya lura cewa mafi yawan ƙwallayen da ake ci suna zuwa ne bayan miƙawa uku ko ƙasa da haka, sai ya yanke cewa maganin shi ne a riƙa dokawa gaba da sauri. Wannan ra'ayi ya yi tasiri a ƙwallon Ingila shekaru da dama. Daga baya aka gano inda lissafin ya karkace: ai mafi yawan hare-hare ma gajeru ne, ko an ci ko ba a ci ba, don haka yawan ƙwallayen da suka haifar ba ya nuna sun fi dogaye amfani.

Harkar ta bunƙasa ne bayan da intanet ta yaɗu. A 2008 Jonathan Wilson ya fitar da littafinsa Inverting the Pyramid kan tarihin tsare-tsaren wasa. A 2010 Michael Cox ya buɗe shafin Zonal Marking, inda yake zana matsayin kowane ɗan wasa bayan an tashi. A Jamus, wasu matasa sun kafa Spielverlagerung a 2011, kuma ɗaya daga cikin marubutansa, René Marić, ya zama mataimakin kociya Marco Rose a Salzburg, sannan a Mönchengladbach da Dortmund.

Matakin farko na nazari shi ne gane tsari. Lambobin da ake nunawa kafin a take wasa, irin su 4-3-3 ko 4-4-2, suna lissafa 'yan baya da 'yan tsakiya da 'yan gaba, ban da mai tsaron raga. Sai dai ba kasafai ƙungiya ke tsayawa a kan siffa ɗaya ba. Tana da siffar da take ɗauka in ƙwallo na ƙafarta, da wadda take komawa in ta rasa. Chelsea ta Antonio Conte ta nuna haka ƙarara. Bayan Arsenal ta doke ta da ci 3-0 a watan Satumban 2016, Conte ya koma 3-4-3, ya ɗora Victor Moses a gefen dama, Marcos Alonso a hagu. In ana kai hari, su biyun suna haurawa har 'yan gaba su zama biyar; in an dawo tsaro, sai su sauka 'yan baya su zama biyar. Ƙungiyar ta ci wasa 13 a jere a gasar Firimiya, ta kuma ɗauki kofin kakar.

Mataki na biyu shi ne kawar da ido daga ƙwallo a duba fili. Idon ɗan kallo yakan bi mai riƙe da ƙwallo, amma dabara tana wurin sauran 'yan wasan da gurbin da suka bari. A watan Mayun 2009, lokacin da Barcelona ta lallasa Real Madrid da ci 6-2 a gidan Madrid, Pep Guardiola ya sa Lionel Messi a matsayin lamba tara, amma ya umarce shi ya riƙa janyewa zuwa tsakiya. 'Yan bayan Madrid suka shiga tsaka mai wuya: in sun bi shi, baya ta buɗe wa Thierry Henry da Samuel Eto'o, in sun tsaya, Messi ya juya da ƙwallo ba mai tare shi. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin da irinta Nándor Hidegkuti ya rikita Ingila a 1953, ranar da Hungary ta ci ta 6-3 a Wembley.

Mataki na uku shi ne lura da abin da ke faruwa in ƙwallo ta ƙwace. Wata ƙungiya nan take take taso wa abokin hamayya, kamar Liverpool a zamanin Jürgen Klopp. Wata kuma ja da baya take yi ta toshe ƙofa, ta jira damar kai farmakin ba-zata. Mai nazari yakan tambaya: wa ke fara matsawa, daga ina, kuma wane ɓangare ake tura abokin hamayya? Maroko a gasar cin kofin duniya ta 2022 ta zaɓi hanya ta biyu. Kociyanta Walid Regragui ya matse layukansa, ya ajiye Sofyan Amrabat a gaban 'yan baya. Sifaniya ta miƙa ƙwallo fiye da sau 1,000 a karawarsu ba ta ga raga ba, daga ƙarshe aka fitar da ita a bugun fenareti. Wasan ya zama hujjar cewa yawan riƙe ƙwallo daban, mallakar wuraren da ke da haɗari daban.

Sai batun alƙaluma. Kamfanoni irin su Opta, wanda aka kafa a 1996, suna tattara bayanin kowane bugu, kuma wani kaso na bayanan yana isa hannun jama'a. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne xG, wanda ke ƙiyasta yiwuwar bugu ya zama ci, gwargwadon nisansa da raga, da kusurwarsa, da kuma ko da ƙafa aka buga ko da ka. Fenareti, alal misali, yakan shiga kusan sau uku cikin huɗu. Amfanin ma'aunin shi ne raba ƙungiyar da ta ƙirƙiri damammaki da wadda sa'a ta yi wa rana. Amma alƙaluma ba sa faɗin dalili, don haka dole a haɗa su da sake kallon wasan.

Nazarin ɗan kallo yana da iyakoki. Kyamarar talabijin ƙwallo take bi, ba ta nuna filin duka. Ɗan kallo bai san umarnin da aka bayar a ɗakin sauya kaya ba, bai san wanda ya shiga da ciwo ba. Akwai kuma tarkon fara duba sakamako sannan a ƙago masa dalili, ta yadda duk wanda ya ci gwani ne, duk wanda aka ci bai iya ba. Hoto guda da aka tsayar aka zana masa kibiyoyi ma yana iya yaudara, tunda daƙiƙa ɗaya ba ta wakiltar minti 90.

A ƙasar Hausa, gidajen kallo da majalisu da teburin mai shayi su ne dandalin wannan sharhi, kuma akasari musu ne na goyon baya tsakanin magoya bayan Arsenal da Manchester United, ko Madrid da Barcelona. Abin da ke mayar da musu nazari shi ne hujja: mai magana ya faɗi mintin da abin ya faru, ya ambaci ɗan wasan da ya bar gurbinsa, ya nuna cewa hakan ya maimaitu. Hanyar tana aiki a kan kowane wasa, kuma wanda ya je filin Sani Abacha kallon Kano Pillars yana da abin da mai kallon talabijin ba shi da shi, domin yana ganin 'yan wasa 22 a lokaci guda.