Lakwal ɗin ƙauye: yadda yini ke tafiya, da inda uwa take da baki

Ga takarda, watan Oktoba ne ake komawa lakwal a Nijar. Amma duk wadda ke zaune a ƙauye ta san ranar da gwamnati ta sa daban, ranar da yara ke zama aji daban. A ƙananan makarantu da yawa na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, ajin siminti ɗaya ne ko biyu, sauran duk rumfunan kara ne. Kara kuwa ba ya samuwa sai an gama girbin hatsi, kuma ko ya samu sai an sami masu kafa rumfar. Kafin nan yaran suna gona, wasu na roron wake, wasu na cirar gujiya, mushe yana zaune ƙarƙashin icce da yara goma yana jiran sauran. Can ƙarshen shekara kuma, da ruwan farko ya sauka da iskarsa, rumfa ta faɗi, iyaye sun kwashe ɗiyansu zuwa shuka. Haka ake cin shekarar karatu ta kai, a ci ta ta gindi, sannan mu zo muna mamakin yaro ya yi shekara huɗu a lakwal bai iya karanta sunansa ba.

Mun ɗauko wannan magana ne saboda a taron asusu ana yawan kawo kukan lakwal, amma kukan yana ƙarewa a kan tabarma. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa shiga harabar makarantar da ɗiyansu ke yini, in ba kiran su aka yi ba don yaro ya yi laifi.

Daga safe zuwa yamma

Yaron ƙauye ba daga barci yake zuwa lakwal ba. Ya yi makarantar allo da asuba, ko ya kai dabbobi bakin gari. Yarinya kuwa ta je rijiya ko famfo, ta yi shara, wata ma ta taya daka. Kafin ƙarfe takwas ana son su iso, su share fili da aji, a yi layi, a ɗaga tuta da taken ƙasa, a shiga. Abu na farko da mushe ko madam ke yi shi ne kiran suna. Wannan littafin kiran suna, ku riƙe shi a rai, za mu dawo kansa.

Azuzuwan firamare shida ne: CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. A ƙaramar makaranta ba lalle a sami malami shida ba. Sau da yawa malami ɗaya ke riƙe da aji biyu cikin rumfa ɗaya: ya ba waɗannan aikin rubutu a allo, ya juya ga waɗancan. Darakta ma da ajinsa, ga takardun hukuma a kansa. Ke da kike da yara uku a gida kike cewa sun hana ki sakat, ki kwatanta.

Wajen ƙarfe goma ake fitowa hutu. A nan ne ake gane wanda ya karya kumallo da wanda bai karya ba. Masu tallan ƙosai, fanke, awara da kwaɗon zogale suna bakin shinge, kuma da yawansu ƴan ƙungiyoyinmu ne, da rancen asusu suka ja jarin. Yaron da aka ba dala biyar ya saya ya ci. Wanda ba a ba ba ya tsaya kallo, ko ya ce zai je gida shan fura, daga nan sai gobe. Wasu makarantu, musamman a yankunan makiyaya da inda ake fama da ƙarancin abinci, suna da kantin da ake dafa wa yara da taimakon gwamnati da hukumar PAM, amma mafi yawa ba su da shi. Ɗan dunƙulen fura ko ragowar tuwon jiya a kwano ya fi ƙarfin a raina shi.

Inda ake komawa da marece, a nan aji ke ramewa. Da safe a ƙirga yara sun cika rumfa, da marece ka ga gurabe, kuma guraben galibi na ƴan mata ne: an aza masu talla, ko an bar masu goyo uwa ta tafi biki. Ranar kasuwar gari kuwa ba a magana. Mu faɗi gaskiya tsakaninmu, wannan ba laifin mushe ba ne, ba na gwamnati ba. Tallan nan mu ke aza shi, wani lokaci ma don a sami na zubin mako. Uwar da ta cire ɗiyarta daga aji ran kasuwa don ta cika zubi, ta ɗauki hatsin iri ne ta yi fura da shi.

Dokokin da ya kamata kowace uwa ta sani

Rubuta yaro a lakwal ɗin gwamnati kyauta ne. Abin da iyaye ke bayarwa gudummawa ce da taron gari ya yanke da kansa, kuma bai kamata a kori yaro daga aji don ubansa bai biya ba. Ana ɗaukar yara a CI suna da shekara 6 zuwa 7. In aka bari yarinya ta kai tara ko goma kafin a sa ta, za ta isa CM2 ƙirjinta ya fito, masu zance sun fara sallama, kuma kun san yadda labarin ke ƙarewa.

Takardar haihuwa ita ce ke ba mutane wahala a ƙarshe. A CI darakta yakan karɓi yaro ko babu ita, sai a manta. Ranar da za a haɗa takardun ƴan CM2 don wucewa kwaleji, sai a shiga gudu. Bayyana haihuwa a asibiti ko wurin da aka keɓe a gari kyauta ne in an yi shi cikin wa'adi. In wa'adi ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali, ga kuɗin mota, ga ɓata kwanaki. Lokaci lokaci alƙalai kan fito ƙauyuka su yi wa mutane da yawa a zama ɗaya. In kun ji sanarwar haka daga ma'aikatar magajin gari, shugabar ƙungiya ta tattara sunayen yaran membobi da ba su da takarda tun kafin ranar.

Duka a aji, ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana shi, ko da yake bulala ba ta ɓace ba. Akwai iyayen da ke kai yaro su ce wa mushe nama naka ƙashi namu. Akwai kuma yaran da tsoron bulala ya sa suke fita gida da jaka su ɓuya a gona har a tashi. In yaro ya fara ciwon ciki kullum da safe, ya warke da hantsi, a bincika.

Game da ɗiya mace, a watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman don kare yarinyar da ke karatu da tallafa mata ta ci gaba. Darakta da kwamitin makaranta suna da hurumin sa baki in aka so cire yarinya don a yi mata aure, su kai maganar gaba. Uwar da ba ta so a cire ɗiyarta amma ba ta iya ja da mai gida ko dangin uba, ba ita kaɗai ba ce, akwai ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Sai maganar wuta. Ba mu manta ba, a watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye rumfunan wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar kuma irinta ta auku a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi, ƙanana ƙwarai. Allah ya jiƙan su, ya ba iyayensu haƙuri. Bayan ta Maraɗi ne gwamnati ta hana sa ƴan rainon da ba su kai CI ba cikin ajin kara. Amma rumfunan firamare suna nan, kuma ba gobe za su ƙare ba. Abin da ke hannunmu: kada a manne rumfuna da juna, kowace ta sami ƙofa mai faɗi, a sa mafi ƙanƙanta a ajin siminti manya su shiga rumfa, kuma masu tuya su ja murhunsu nesa da shinge. Wannan na ƙarshe mu ya shafa kai tsaye, don masu tuyar mu ne.

Kujerar da aka ajiye mana

Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin kula da ita, wanda kowa ya sani da COGES, a takarda kuma yanzu CGDES ake rubutawa. Akwai ƙungiyar iyayen yara, APE, akwai ta uwaye, AME, kuma uwaye suna da wakilci a cikin kwamitin. Tsarin zaɓen membobi da ƙuri'ar asiri, da zaman gari gaba ɗaya don tsara aikin shekara, an gwada shi a jihar Tawa tun 2004 da taimakon hukumar JICA ta ƙasar Japan, daga baya aka baza shi ƙasa duka. Yadda aka tsara, gari ne ke taruwa ya faɗi matsalolin lakwal, ya zaɓi waɗanda zai iya magancewa da ƙarfinsa, a yanke abin da kowa zai kawo, kuɗi ko kara ko aikin hannu, a ƙarshen shekara kuma kwamiti ya dawo gaban jama'a ya ba da lissafi.

A wurare da yawa abin ya tsaya a suna. An zaɓi shugaba tun shekarun baya, ɗansa na ƙarshe ma ya gama lakwal, har yanzu shi ne. Wakiliyar uwaye kuwa matar wani babba ce da aka rubuta sunanta, wata ma ba ta san an rubuta ba. Ana karɓar gudummawa, ba a jin inda ta shiga. Ba lalle an ci ba, sau da yawa alli aka saya da igiya, amma tun da ba a faɗa ba, zargi ya shiga, baɗi kowa ya ƙi biya.

To a nan ne muke da abin da za mu koya wa gari. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, matan da yawancinsu ba su taɓa zama aji ba suke riƙe kuɗin junansu shekara da shekaru ba tare da rigima ta raba su ba. Dubarar ba ɓoyayya ba ce: ba a buɗe akwati sai gaban kowa, mai riƙe akwati daban masu makulli daban, ana ƙirga kuɗi da ƙarfi, a faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita, mako mai zuwa a tambayi jama'a nawa aka bari. Wadda ta saba da wannan ba za ta ji nauyin miƙewa a taron lakwal ta ce, cikin ladabi, a karanta mana abin da aka tara bara da abin da aka saya ba. Ba rashin kunya ba ne, dokar kwamitin ce ta ce a yi haka. Kuma in za a sake zaɓe, ma'ajiyar ƙungiyar asusu da ta yi shekaru ba a taɓa samun dala ta ɓata a hannunta ba, me zai hana a tsayar da ita ma'ajiyar COGES?

Wasu ƙungiyoyi kan so buɗe zubi na musamman don lakwal. Lissafin mai sauƙi ne. A ce ku 30 ne, kowace ta sa dala biyar a mako, mako 36 na shekarar karatu: jikka 27 ke nan. Zai sayi tabarmi, randa da moɗa a kowane aji, sabulu, kaye da bik na marayu. Shawararmu biyu ce. Kada a taɓa asusun taimako na rashin lafiya da rasuwa don wannan, a yi masa kwanonsa daban. Kuma a sayi kayan a kai, a damƙa gaban shaidu, ya fi a miƙa kuɗi. Gina aji da biyan malami kuwa aikin gwamnati ne da ma'aikatar magajin gari, kada a bari a jibga mana shi don an ga muna da akwati.

Aikin da ya fi kuɗi amfani ma ba ya cin ko dala. Uwaye biyu, bi da bi, su leƙa lakwal sau ɗaya a mako bayan kiran suna, su tambayi darakta wa da wa ba su zo ba. Da marece su bi gidajen, ba da faɗa ba, a gaisa, a tambayi lafiyar yarinya. Mace ta fi jin maganar ƴar'uwarta da suke zubi tare a kan takardar da darakta zai aiko wadda ba mai karanta mata. Su kuma duba makewayi: in babu na ƴan mata daban, mai ƙofa da buta da ruwa, manyan ƴan CM za su riƙa zama gida kwana huɗu ko biyar kowane wata, kuma ba za su taɓa gaya wa mushe dalili ba. Uwa za su gaya wa.

In malami ne ke yawan fashi, a fara jin ta bakinsa. Da yawa ƴan kwantaragi ne, albashinsu sai sun je birni karɓa, wata madam ɗin an turo ta garin da ba ta san kowa ba, ga jariri, ga ba ɗakin kirki. Garin da ya ba malama masauki mai kyau, aka sami mai taya ta ɗebo ruwa, ya fi riƙe ta. In an yi haka abin bai gyaru ba, a gaya wa darakta, sannan kwamiti ya kai wa sufeto. Zagin malami gaban yaro dai ba ya gyara komai, gobe yaron ba zai ji maganarsa ba.

Wadda ba ta yi boko ba ma tana iya duba kaye. Ki buɗe ki gani: shafi na ƙaruwa daga mako zuwa mako? Akwai jan bik na malami, ko tun watan jiya ba a duba ba? Ki sa yatsa a kan layi ki ce ya karanta, sannan ya faɗa miki da Hausa abin da ake nufi. Yaron CE2 da ke rera abin da ya hardace amma ya kasa in kin tsallaka zuwa tsakiyar shafi, yana bukatar taimako yanzu, ba sai CM2 ba. A wasu garuruwa kwamiti na shirya ƙarin darasin lissafi da karatu bayan an tashi, wani tsohon ɗan kwaleji na gari ya riƙa zama da yaran. Ku tambaya ko za a iya yin haka a naku.

Taron farkon shekara shi ne inda ake yanke duk waɗannan, kuma sau da yawa ana sa shi daidai lokacin da muke bakin murhu, sai a ce mata ba su zo ba. Shugabannin ƙungiyoyi su je wurin darakta da mai gari tun kafin a sa rana, su roƙi a yi shi da hantsi, ranar da ba kasuwa ba, kuma a tsayar da ranar kawo kara a wannan zaman.